Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Galibi Hausawa kan yi wannan karin magana ne a kan bara ko wakili wanda maigidansa ya yi umarni da kyauta shi kuwa ya danne, amma idan mai hankali ya yi tadabburi zai ga ta fi dacewa da ma'abota fasaha, musamman mawaƙa, domin hikimar da ke bakinsu baiwa ce daga Allah Maɗaukaki, su kuwa guga ne kurum da aka zura a jawo wa jama'a. To, ina hujjar wanda aka ba kyauta ya ƙulle waƙoƙinsa a ƙirji, yana tsoron kada yaransa su koya su fi shi?

Magabatan makaɗa ba su yi wannan rowa ba. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a gaban mahaifinsa Usman Ɗanƙwanda ya buɗe ido da sana'ar, sa'an nan ya daɗe yana yi wa wansa Abdu Kurna amshi kafin ya zama jagora. Ga yadda abin yake a irin waɗannan gidaje: maigida ya zauna da mutanensa, ya kawo gindin waƙa, a yi ta maimaitawa har ya zauna daram bisa kotso, kana ya riƙa jefo ɗiyan waƙar ɗaya bayan ɗaya, 'yan amshi suna karɓewa, wani ma ya yi ƙari, in ya yi armashi a bar shi, in bai yi ba a harare shi ya yi shiru. Yaron da ya shekara goma a wannan zama, ai ya sauke karatu ko da ba a yi masa walima ba.

Malaman waƙa ma haka suke. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da gangan ta riƙa tsara waƙoƙi domin matan da ta naɗa jaji su haddace su kai wa matan ƙauyuka. Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi kuwa, bakin makafi masu bara ne ya shigar da ita lungunan da littafi bai taɓa shiga ba, alhali shi yana zaune a Zariya.

Sai dai a yi wa guga adalci, domin wani lokaci ba hassada ke sa shi hanawa ba, ya sha ganin an kwashe waƙarsa an ci abinci da ita ba ko na gode. Wannan kuka yana da asali, kuma malamai sun riga sun yi masa magani tun da daɗewa, tun da ɗalibi ba ya karantar da littafi sai ya ambaci wanda ya ba shi izini, mawallafan waƙa kuma kan saƙa sunansu a baitocin ƙarshe, wasu har da shekarar da suka gama ta hanyar ramzi, ta yadda duk wanda ya haddace waƙar dole ya haddace mai ita.