Abin Lura: Idan Madubi Ya Fashe a Motar Kwashe Kaya

Duk wanda ya taɓa tashi daga gidan haya ya san yadda ake lallaɓa madubi. Kafin a kwance gado sai an cire madubin jikin sif, a naɗe shi da bargo, a cusa shi tsakanin katifu. Uwargida na tsaye tana cewa a yi a hankali, direba na jingine da akori-kura yana cewa a yi sauri, akwai wani aikin da la'asar. Samari uku ko huɗu, galibi 'yan ci-rani, su ne ke saukowa da firji daga saman bene, ƙafarsu sanye da silifa. Wata rana madubin kan fashe. Abin da ke biyo bayan fashewar nan shi ne abin lura.

Mai kaya zai ce a biya shi, kuma yana da gaskiya. Mai mota zai ba da haƙuri, ya rage wani abu daga kuɗin jinga. Da daddare sai ya buɗe littafinsa ya rubuta kuɗin madubi a ƙarƙashin sunan yaron da ke riƙe da shi. Ba wanda zai tambayi wa ya ƙi sayen igiya, ko wa ya sa mutum uku aikin mutum shida. A shafin nan kuma akwai kuɗin motar da aka kawo yaron daga ƙauye, da na abinci, da na maganin da aka saya masa ranar da bayansa ya riƙe. Ladansa kuwa ba ya zuwa hannunsa, ajiya ake yi masa, wai don kada ya ɓarnatar. Ranar da ya ce, "Maigida, ina so in leƙa gida, Inna ba ta da lafiya," sai a ce masa, "Kai da ake bin ka bashi? Bari sai bayan salla mu yi lissafi."

In aka ambaci aikin tilas, dattawa kan tuna diban gwamna, lokacin da Turawan mulkin mallaka suka riƙa kwasar talakawa daga ƙauyukan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944. Shi ya sa mai mota ɗaya da yara huɗu zai ji haushi in an jingina masa irin wannan laifi. Bai ɗaure kowa ba, bai doki kowa ba. Sai dai yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1930, wadda Najeriya ta amince da ita a 1960, abu biyu ta duba: aikin da mutum bai yarda da shi da son ransa ba, da barazanar hukunci in ya ƙi. Cikin alamomi 11 da ƙungiyar ta fitar akwai riƙe lada, da ɗaure mutum da bashi, da ƙwace masa takardun shaida, da yaudararsa a kan irin aikin da zai tarar. Ƙiyasinta na 2021 ya ce mutum miliyan 27.6 ne ke cikin wannan hali a duniya, akasarinsu a hannun masu sana'o'i masu zaman kansu.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Wahalar aiki daban, tilas daban. Ɗan dakon Kantin Kwari ko Dawanau da ke yin ciniki, ya ɗauki kaya, ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba, talaka ne amma ɗa ne mai 'yancin kansa. Ma'aunin ɗaya ne: in yaron mota ya ce gobe zai tafi, zai tafi da kuɗinsa da wayarsa da katinsa na ɗan ƙasa, ko kuwa akwai abin da zai bari a hannun maigida?

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta bauta da aikin tilas. Dokar Ƙwadago ta hana a ba ma'aikaci rancen da ya wuce albashin wata guda, ta hana cin tararsa, ta ce ko ɓarnar da ya yi da sakaci ba a cire ta daga ladansa sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago, kuma duk abin da za a cire a wata kada ya haura kashi ɗaya cikin uku. Amma yaushe rabon da a ga jami'in ƙwadago a garejin akori-kura? Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ma bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ko a Ingila, dokar 2015 kan bautar zamani kamfanonin da cinikinsu ya kai fam miliyan 36 a shekara ta wajabta wa fitar da bayanin matakan da suke ɗauka. Ƙaramar sana'a ta fi ƙarfin idon hukuma, don haka gyaranta na hannun mai ita da masu ba shi aiki.

Gyaran kuma ba ya bukatar lauya. A faɗi lada kafin a ɗaga kujera, a biya kullum ko duk mako, hannu da hannu ko ta asusun shi yaron. Dillalin da ya kawo yara a sallame shi da la'adarsa, kada ladansu ya bi ta aljihunsa, domin ta nan ake yawan cin gumin 'yan ƙauye. In yaro da kansa ya nemi ajiya, a rubuta takarda biyu a gaban shaida, ɗaya ta zauna a wurinsa. Fashewar kaya kuwa asarar sana'a ce kamar fashewar taya, mai mota ya sa ta cikin farashinsa tun farko. Ƙananan yara ba su da aiki a ƙarƙashin firji, Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana ɗora musu nauyin da zai cutar da girmansu.

Saura mu masu kaya, mu da kan yi ta ciniki har sai mai mota ya ce sadaka zai yi. Man fetur ba ya sauka don mun iya ciniki, kuɗin gyaran mota ma haka, don haka ragin daga ladan yaran yake fita. In za ka tashi gida, tambayi mai mota nawa zai ba kowane yaro da lokacin da zai ba shi, kuma in za ka yi alheri ka damƙa wa yaran da hannunka. In ka ga alamar an riƙe wani da bashi ko an ƙwace masa takardu, hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, tana karɓar irin wannan ƙara, kuma tana da ofis a Kano.