Fatawa a Kan Koyon Sanin Duwatsu Masu Daraja

TAMBAYA

Ni saurayi ne mazaunin Jos, ina hannun wani dattijo mai fataucin duwatsu masu daraja, irin shuɗin yakutun nan da ake haƙowa a tsaunin Mambila, yana koya mini yadda ake duba dutse a rarrabe na gaske da jabu, a kuma yi masa kima. Wasu 'yan'uwa sun ce ɓata rayuwa nake yi a kan ƙyale-ƙyalen duniya, wasu kuma sun ce duwatsun nan suna da asiri. Shin ya halatta in koyi wannan sana'a, in kuma ji daɗin kyawun dutse? Me shari'a ta ɗora mini idan na ƙware?

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ka sani, ya kai ɗana, Allah ya yi maka albarka, cewa koyon wannan ilmi halal ne a asalinsa, domin Ubangijin da ya ajiye jauhari a cikin duwatsu da ƙarƙashin teku ya lissafa shi cikin ni'imominsa, ya ambaci lu'ulu'u da murjani da yakutu a Suratur Rahman, ya yi wa bayinsa gori a Suratun Nahli da adon da suke fitarwa daga teku, sa'an nan a Suratul A'arafi ya yi inkari ga mai haramta ƙawar da ya fitar wa bayinsa. Saboda haka wanda ya ɗaga dutse zuwa ga haske, ya ga tsarkin launinsa, zuciyarsa ta yi farin ciki har harshensa ya motsa da tasbihi, bai yi laifi ba, matuƙar hakan bai shagaltar da shi daga farilla ba, bai kuma kai shi ga alfahari da almubazzaranci ba.

Malaman Musulunci ma ba su raina wannan fanni ba. Abu Raihana Albiruni, wanda aka haifa a shekarar 973 ta Miladiyya, ya wallafa Kitabul Jamahir fi Ma'arifatil Jawahir, kuma yana cikin waɗanda suka auna nauyin duwatsu da gwajin ruwa awo na tsanaki; bayansa Ahmadu Attifashi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1253, ya tsara littafinsa Azharul Afkar a kan duwatsu ashirin da biyar, yana bayyana mahaƙar kowanne da alamun kyawunsa da aibinsa da farashinsa.

Amma ga wanda ya ɗauki wannan fatauci hanyar abincinsa, hukuncin ya wuce halacci ya kai ga wajibci, gama ba ya halatta ga baligi ya shiga wani aiki sai ya san hukuncin Allah a cikinsa, sharaɗin ingancin ciniki kuwa shi ne abin sayarwa ya zama sananne, wanda ko bai iya rarrabe yakutu da gilashi ba, garari yake saye, garari yake sayarwa, ko da niyyarsa ta yi kyau. Don haka ka dage ka koyi abubuwa huɗu da gwanaye ke dubawa, wato launi da tsabtar ciki da kyawun yanka da nauyi, wanda ake aunawa da karat, kowane karat ɗaya bisa biyar na giram. Ka san ma'aunin tauri da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, inda daiman ke kan 10, yakutu kan 9, zumurrudu tsakanin 7.5 da 8. Ka san cewa yakutu ya ninka ruwa nauyi kusan sau 4, alhali gilashi na yau da kullum bai wuce sau 2.5 ba. Ka kuma saba wa idonka da madubin nan mai ƙara girma sau 10, domin tun da Bafaranshe Auguste Verneuil ya bayyana hanyar ƙera yakutu da wuta a 1902, dutsen masana'anta ya zama daidai da na ƙasa a tauri da nauyi, ba ya tonuwa sai ga mai lura da layuka masu lanƙwasa da ƙwayoyin iska a cikinsa, alhali na ƙasa layukansa miƙaƙƙu ne masu kusurwa, sau da yawa da wasu siraran zaruruwa kamar na alharini.

To, idan Allah ya buɗe maka wannan ido, amana ta hau kanka gwargwadon saninka, ga kuwa mas'alolinta.

Ta farko, bayyana aibi. An san ana gasa yakutu a wuta don launinsa ya gyaru, ana shayar da zumurrudu mai don tsagarsa ta ɓuya, ana kuma cike ramukan jan yakutu da narkakken gilashi. Yin haka bai haramta ba a kan kansa, sayar da dutsen masana'anta ma bai haramta ba. Abin da ya haramta shi ne yin shiru a kan duk abin da mai saye zai ƙi, ko ya rage kuɗi da ya san shi. Wannan shi ne algus ɗin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kashedi mai tsanani a kansa ranar da ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Wanda aka ɓoye wa aibi yana da zaɓin mayarwa.

Ta biyu, sunan da aka ƙulla ciniki a kansa. Malamanmu na Malikiyya, a sharhohin Muhtasar na Shehu Halilu, sun yi tafsili mai kyau: idan mutum ya sayar da abu da sunansa na gama-gari, ya ce dutse, alhali shi da mai saye duka ba su san haƙiƙaninsa ba, daga baya ya bayyana yakutu ne, ciniki ya zauna, amma idan aka kira shi da sunan da ba nasa ba, aka ce yakutu ya fito gilashi, ko aka ce gilashi ya fito yakutu, wanda ya cutu yana da ikon warwarewa. A nan nake ja maka kunne ƙwarai game da talakan da ya wuni cikin rami, ya kawo maka dutsen da bai san kimarsa ba, ya ce ya amince maka ka saya yadda mutane ke saye: idan ka kushe abin da ka san mai daraja ne don ka karɓe shi da araha, ka ci haram, domin ya miƙa maka wuya ne bisa amana.

Ta uku, dutsen da ke cikin zinariya ko azurfa. Fadalatu ɗan Ubaidu ya sayi abin wuya ranar Haibara a kan dinari goma sha biyu, da ya rarrabe duwatsun da zinariyar sai ya tarar zinariyar kaɗai ta fi kuɗin da ya biya, Annabi kuwa ya hana sayar da irinsa da zinariya sai an rarrabe. Malikiyya sun yi rangwame idan adon halal ne, cire shi zai ɓata kayan, zinariyar ko azurfar ba ta wuce sulusi ba, kuma aka yi hannu da hannu. Ko da kuɗin takarda za ka yi cinikin, abin da ya fi tsare addini shi ne a biya nan take.

Ta huɗu, lamuni. Kada ka karce dutsen wani don gwada taurinsa sai da izininsa, in ka yi ya lalace ramuwa tana kanka. Mai yanka dutse ko maƙerin da ya kafa kansa don yi wa jama'a aiki, a mazhabarmu yana lamunce abin da ya salwanta a hannunsa bayan idon mai shi, sai in hujja ta tsaya cewa ba sakacinsa ba ne.

Ta biyar, zakka. Babu zakka a kan jauharin da aka ajiye don ado, kome tsadarsa. Idan ya zama hajar kasuwa, mai jujjuya kaya kullum zai yi musu kima a ƙarshen shekara, ya haɗa da kuɗin hannunsa, in sun kai nisabi ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Mai ajiye dutse yana jiran kasuwa kuwa ba ya fitarwa sai ya sayar, sa'an nan ya ba da ta shekara guda. Ka kuma sani al'amarin ma'adinai a mazhabarmu yana hannun shugaba, saboda haka ka nemi izinin hukuma, ka nisanci kayan sata da na fasa-ƙwauri.

Game da zancen asiri, dutse halitta ne, ba ya jawo arziki, ba ya tunkuɗe maita ko kambun baka, wanda ya ƙudurta cewa yana yin haka da kansa ya taɓa tauhidinsa, wanda kuma ya sayar da shi da wannan da'awa ya ci dukiyar mutane da ƙarya. Hadisan da ake yaɗawa kan falalar zoben aƙiƙu, masana hadisi sun ce babu wanda ya tabbata a cikinsu. Abin da ya tabbata shi ne Annabi ya sa zoben azurfa. Don haka namiji zai iya sa dutse a zoben azurfa guda ɗaya wanda bai wuce dirhami biyu ba, zinariya kuwa ta mata ce.

Ka ci gaba da koyonka, ka girmama dattijon da ke koya maka, ka sa niyyar neman halal da kare Musulmi daga zamba, kuma duk dutsen da ka yi kokwanto a kansa ka kai shi ga wanda ya fi ka sani kafin ka yanka masa suna ko farashi. Allah ya yi maka jagora, ya sa albarka a cikin nemanka. Allah ne mafi sani.