Bashin Karatu da Niyyar Mai Ci

Tun da aka buɗe rajistar NELFUND a watan Mayun 2024, ba hirar da ta fi yawa a majalisunmu bayan Azahar kamar ta bashin karatu. Yaranmu na ATBU, a Yelwa da Gubi, da yawa sun cike. Gwamnati na biyan kuɗin makaranta kai tsaye, sannan ta ba ɗalibi naira 20,000 a wata na abinci da mota. Ba ruwa a kai, ba a neman mai tsaya masa. Ta wannan fuska hankalinmu ya kwanta, riba ba ta shigo ba.

Abin da bai kwanta mana ba shi ne maganar da muke ji a bakin iyaye, ba ma yara ba: "Ai kuɗin gwamnati ne, rabonmu ne, wa zai biya?" To, subhanallahi. Mu 'yan kasuwa mun san mai karɓar kaya da niyyar biya, mun san mai karɓa yana dariya a ciki. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. An kawo wa Annabi (SAW) gawa ya ƙi yi mata salla sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashin mamacin. Wai don mai bin ka ba shi da fuska, ba ya zuwa ƙofar gidanka da safe, shi ke nan ya tashi daga bashi? Kuɗin nan in bai koma asusu ba, ƙanin yaron ne zai nema ya rasa.

Amma mu yi adalci, mu buga lissafi irin na Wunti. Biya na farawa shekara 2 bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne, wato 7,000 a wata. In bashin ya kai miliyan ɗaya, kusan shekara 12 ke nan yaro na biya. Wannan ma in ya samu aikin. Nawa muka gani da digiri suna jan Keke Napep a hanyar Muda Lawal? Irin wannan ba macuci ba ne. Aya ta 280 ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci, dokar ma ta ba marar aiki damar neman jinkiri, muddin bai yi rantsuwar ƙarya ba.

Sai 'yan mata, da ba wanda ke tada zancensu. Yarinya ta ci bashi, ta gama, an ɗaura aure, miji ya ce ba aiki. Wa zai biya? Bashin na wuyanta, sunanta ne a takarda. Muna ganin ranar da aka zo neman aure ya kamata waliyyi ya faɗa wa dangin miji adadin, kafin a yanka sadaki.