Husufin Wata Jibi Lahadi: Mu Kalla, Mu Yi Sallah

Jibi Lahadi, 7 ga Satumba 2025, in Allah ya yarda wata zai yi husufi. A nan Lafiya zai fito ta gabas wajen magariba, ya yi ja kamar garwashi har kusan ƙarfe takwas saura. Inuwar duniya ce ke rufe shi idan ta shiga tsakaninsa da rana. Kallonsa ba ya cutar da ido. Bayan sallar Magariba za mu tsaya a harabar masallaci, in babu hadari. Ku zo da yara su gani.

Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufin rana, mutane suka ce don rasuwarsa ne. Annabi ya gyara musu, ya nuna rana da wata ayoyin Allah ne, ya umarce mu da sallah, addu'a da sadaka. A Malikiyya sallar husufin wata raka'a bibbiyu ce, kowa a gidansa.

Mu tuna Maiduguri, Janairun 2001: matasa suka ɗora laifin husufi kan zunubin wasu, suka ƙona otal-otal. Mu baƙi ne, kasuwa ɗaya muke ci da Eggon, Alago da Tibi. Iyaye, a ja kunnen samari. Ban da kaɗa gwangwani, ban da zargin maƙwabci. Kowa ya nemi gafarar nasa zunubin.

Allah ya sa mu dace, amin.

Sakataren masallaci