Magani Aka Ba Ka, Ko Gwaji Aka Yi Da Kai?

Ranar 19 ga Maris 2020 hukumomin Nijar suka ba da sanarwar samun mutum na farko mai cutar korona a Yamai. Kafin wata ya ƙare an rufe makarantu da masallatai, an sa dokar hana fitar dare, an killace birnin, ba shiga ba fita. Cibiyar CERMES ke gwada samfurin da aka ɗauko daga hancin mutane, waɗanda jiki ya tsananta kuma a kai su Babban Asibitin Referans. A watan Afrilu, gab da azumi, matasa suka ƙona tayoyi a wasu unguwanni saboda rufe masallatai. A farkon Mayu cutar ta kashe ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar, amma duk da haka a fada ana ta gardama ko akwai ta ko babu.

Wannan gardama ta wuce. Akwai wata tambaya da ba mu tsaya mun yi ba, kuma za ta dawo duk ranar da wata annobar ta sauka: shin ya halatta likita ya yi bincike a kan mutumin da ya zo neman magani, yana numfashi da ƙyar? Na san amsar da za ta fara zuwa bakin da yawa daga cikinmu: “A'a! Mu ba ɓerayen gwaji ba ne.” Ƴan'uwa ɗalibai, ina roƙon ku riƙe wannan amsa tukuna, mu juya ta mu ga bayanta.

Abin da ke gaban likita

Mu ɗauka wani dattijo ne daga nan Tondibiya, shekara sittin da wani abu, yana da ciwon suga da hawan jini, aka kai shi asibiti cikin Afrilun 2020 da tari da zazzaɓi. Wanda zai karɓe shi likitan cututtukan cikin jiki ne, wato wanda ke duba babban mutum gaba ɗayansa ba tare da fiɗa ba: huhu, zuciya, ƙoda, jini. Ya maƙala masa ƴar na'ura a yatsa, ya ga iskar da ke cikin jininsa ta yi ƙasa, ya sa masa oksijen. To daga nan fa? Cutar ba ta fi wata huɗu da bayyana a duniya ba. Babu littafin da ya faɗi maganinta.

A lokacin, wani farfesa a birnin Marsai na Faransa, Didier Raoult, ya ce haidroksiklorokin haɗe da azitromisin suna warkarwa. Nijar da maƙwabtanta da dama suka ɗauki wannan hanya, kuma ba abin mamaki ba ne. Klorokin ɗan gida ne, iyayenmu sun sha nibakin tun kafin a haife mu, ga araha. Shugaban Madagaska, Andry Rajoelina, shi kuma ya fito da nasa ruwan na tazargade. Mutane suka sha, da yawa suka warke, aka ce magani ya yi.

Amma a nan gizo ke saƙar. Mafi yawan waɗanda korona ta kama suna warkewa da kansu, musamman a ƙasa irin tamu da yara da matasa suka fi yawa. Ko ruwan randa ka ba mutum ɗari, yawancinsu za su tashi, sai ka ce randarka na da albarka. Wanda ya warke zai gode wa magani, wanda ya rasu a ce kwana ya ƙare. Ta wannan lissafi babu maganin da zai taɓa faɗuwa. Gaskiyar maganar ita ce: duk likitan da ya ba da maganin da ba a tabbatar ba, gwaji yake yi, ko ya kira shi gwaji ko bai kira ba. Bambancin kawai, shi ba ya ƙirge, kuma bai gaya wa mai jinya ba.

Waɗanda suka ƙirga

A Ingila, masana na Jami'ar Oksfod ƙarƙashin Peter Horby da Martin Landray sun fara wani bincike mai suna RECOVERY a cikin Maris 2020. Dabarar ba ta da wuya. Duk wanda aka kwantar, a tambaye shi ko ya yarda. In ya yarda, kwamfuta ta jefa ƙuri'a: wani ya samu kulawar da aka saba, wani ya samu kulawar nan da ƙarin magani ɗaya da ake son a gani. Bayan kwana 28 a ƙirga rayayyu da matattu a kowane ɓangare.

Ranar 5 ga Yuni 2020 suka fitar da sakamakon haidroksiklorokin: an ba mutum fiye da 1,500, an kwatanta su da fiye da 3,000 da ba a ba ba, bai rage mutuwa ba. Kuma magani ne da kan iya rikita bugun zuciya. Ranar 16 ga Yuni suka fitar da na deksametazon, tsohon magani mai araha da ke kusan kowane farmasi: ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan injin numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga waɗanda ke kan oksijen, amma bai amfani waɗanda ba su buƙatar oksijen ba. Dalili kuwa, a ƙarshen cutar garkuwar jiki ce ke wuce gona da iri tana ƙona huhu, shi kuma maganin yana kwantar da ita. In aka ba da shi da wuri, an ɗaure mai gadi ne alhali ɓarawo na cikin gida.

Ka ga abin da ido ba zai taɓa gani ba. Likita ɗaya, komai ƙwarewarsa, ba zai gane wannan daga gado ashirin ba. Sai da dubban marasa lafiya suka ce “na yarda”. Dattijon namu na Tondibiya, in da a watan Yuli ya kwanta, da ya ci moriyar yardar wata tsohuwa a Ingila da bai taɓa gani ba. Likitansa zai ba shi deksametazon, ya sa ido kan sugansa don maganin na tayar da shi. To in mun ce ci daga wannan akushi halal ne, da wane baki za mu ce zuba hatsi a cikinsa haram ne?

Wani zai ce: “Ran ɗan Adam za a yi wa ƙuri'a? Ai caca ke nan.” Ba ɗaya ba ne. Mai caca yana da abu a hannu, ya jefa shi cikin haɗari don kwaɗayi. Ƙuri'a kuwa ana jefa ta ne lokacin da aka rasa dalilin fifita wani kaso a kan wani, kamar yadda magada ke yi in an raba gona daidai, don kada son rai ya shiga. In likita ya san maganin da ya fi, hana shi zalunci ne. In bai sani ba, ƙuri'a ta fi zatonsa adalci, domin ita ba ta san ɗan wane ba.

Tsoron da ke da tushe

Duk da haka, wanda ya ce “mu ba ɓeraye ba ne” ba shashasha ba ne. Yana da tarihi a bayansa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an yi musu bayani da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. An yi shekaru ana shari'a, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003, wannan labari na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. A Afrilun 2020 kuma wasu likitoci biyu suka zauna a wani gidan talabijin na Faransa suna cewa me zai hana a je Afirka a yi gwaji, tunda can babu takunkumi babu magani. Har shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros, sai da ya ce wannan ragowar tunanin mulkin mallaka ne.

Amma a lura da abin da ya sa Kano ta zama tabo. Kukan iyayen shi ne ba a tambaye su ba. Kwatanta da abin da aka yi a Madarunfa, jahar Maraɗi, inda cibiyar Epicentre ta ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka da ma'aikatar lafiya ta Nijar suka gwada rigakafin zawon yara mai jure zafi a kan jarirai dubbai. An buga sakamakon a 2017, kuma rigakafin ya samu amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya. Bincike ne a ƙasarmu, kan cutar da ke kashe ƴaƴanmu. Wuƙa ɗaya ce, ana yanka rago da ita, ana kuma yanka mutum.

Inda harshe ya shigo

Tun Dokar Nuremberg ta 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964, ƙa'idar ita ce ba a bincike da mutum sai da yardarsa, bayan ya fahimta. Mu ma muna da kwamitin ƙasa da ke duba ɗa'ar binciken lafiya. A takarda komai daidai. Amma fahimta da wane harshe? Takardar da Faransanci take, mafi yawan manyanmu kuwa ba su karanta shi. A Tondibiya Zabarmanci ya fi yawa, ga Hausa da sauran harsuna saboda barikin soja. Mai fassara sau da yawa ɗan rakiya ne, ko wani ma'aikaci da aka kira yana wucewa.

Duba kalmar “gwaji” kanta. Da ita muke cewa gwajin jini, gwajin korona, gwajin riga wajen tela, da gwajin sabon magani. In aka ce wa dattijo, “Baba, gwaji za mu yi,” shi ya ɗauka za a ɗebi jini ne a gano ciwonsa. Ba a yi masa ƙarya ba, amma an bar kalma ta yi ƙaryar.

Duba kuma “to”. “To” na iya nufin na ji, na iya nufin na yarda, na iya nufin ya zan yi, na iya nufin ƙyale ni in huta. Mutumin da aka rene shi da kunya, yana kwance, mai farar riga na tsaye a kansa, ba zai ce a'a ba. Matar da mijinta ko surukinta ke tsaye ba za ta ma buɗe baki ba. Hausa ta bambanta yarda da biyayya da haƙuri. Dangwalen yatsa bai bambanta su ba, duk tawada ɗaya ce. Shawara da dangi al'adarmu ce kuma tana da kyau, amma allurar jikin mutum ɗaya za ta shiga, don haka kalmar ƙarshe tasa ce, muddin yana cikin hayyacinsa.

Za a ce a lokacin annoba ina aka ga lokacin dogon bayani? Bayanin ba dogo ba ne. Magana uku ce: “Baba, wannan magani ba mu san ko yana aiki ba, muna son mu sani ne. Ba ni zan zaɓa ko za ka samu ba, ƙuri'a ce. In ka ce ba ka so, za mu kula da kai yadda muke kula da kowa.” Sannan a ce ya maimaita da bakinsa abin da ya ji. In ya kasa, bai yarda ba tukuna, ko da ya ce “to” sau goma. Abin da ke da wuya a nan jimlar farko ce, domin likita ya ce “ban sani ba” a gaban mara lafiya na buƙatar ƙarfin zuciya.

Akwai sharaɗi na ƙarshe: wanda ya ba da jikinsa ya ga amfanin. Ingila ta fara rigakafin korona ranar 8 ga Disamba 2020. Mu sai ƙarshen Maris 2021, da kyautar Sinopharm daga Sin. In za a ce mu shiga a ƙirga da mu, to a rubuta tun farko cewa in magani ya fito, yana zuwa nan, da kuɗin da talaka zai iya.

Don haka amsata: bincike a kan mara lafiya lokacin annoba ya halatta, har ma barinsa ya fi kusa da laifi, domin wanda ba ya ƙirge zai maimaita kuskure ɗaya a kan dubban mutane da zuciya fara. Amma halaccinsa na rataye a kan tambaya ta gaskiya, cikin harshen mai ciwo. Wannan kuwa ba aikin likitoci kaɗai ba ne. A Jami'ar Abdu Mumuni, tsakanin masu karatun harsuna da masu karatun likita da asibitin Lamorde duk tafiyar ƙafa ce. Me zai hana mu zauna tun yanzu, mu fitar da kalmomin da za su raba gwajin gano ciwo da gwajin magani, da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Tamajik, da Barbarci, mu naɗi muryoyi a waya don wanda ba ya karatu, mu je ƙauye mu ji ko tsofaffi sun gane? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da tari ya sake cika asibiti, babu mai lokacin neman kalma.

Tondibiya, Yamai