ƘARANCIN JINI: AMANAR DA KE WUYAN MAI GIDA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da Alayensa da Sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, nasiharmu ta wannan mako ta shafi magidanta ne, musamman na Kamarawa da sauran garuruwan ƙasar Isa da Sabon Birni. Sau da yawa akan ga mace mai juna biyu tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari, tana jiri, tana haki, har ma tana sha'awar cin ƙasa. Sai a ce iska ce ko sammu, a yi ta hayaƙi, alhali kuwa jininta ne ya yi ƙasa.

Ku sani, Allah Ya sanya wani sinadari ja a cikin jini, shi ke ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai ta ga kowace gaɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ma'auninsa ya gaza 11 a jikin mai ciki, to, tana da ƙarancin jini. Sabubbansa a ƙasarmu sanannu ne: rashin abinci mai sinadarin ƙarfe, zazzaɓin cizon sauro da ke fasa ƙwayoyin jini, tsutsar ciki, tsagiya da ake ɗauka a ruwan fadama, da haihuwa a kai a kai. Wadda ta je naƙuda da ƙarancin jini, zubar jini kaɗan na iya zama ajalinta.

Shari'a ta ɗora ciyar da mace a kan mijinta gwargwadon halinsa. To, ina adalcin wanda zai tsaya kasuwa ya ci tsire, ya bar iyalinsa da tuwo da miyar da ba ta ga nama ba? Mun san tashin hankalin 'yan bindiga ya raba mutanen wannan yanki da yawa da gonaki da dabbobinsu, Allah kuma ba Ya kallafa wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Amma wake da zogale da alayyahu da ɗan kifi ko hanta ba su fi ƙarfin kowa da kowa ba. Lemo da gwaiba suna taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen, shayi kuwa tare da abinci yana hana shi.

Na biyu, a bar ta ta je awo. A can ne ake auna jininta, a ba ta ƙwayoyin ƙarin jini na kullum, da maganin rigakafin zazzaɓi bayan wata uku na farko. Ta kwana cikin gidan sauro. In ciwon ya tsananta, a kai ta babban asibitin Isa ko na Sabon Birni; in likita ya nemi jini, 'yan'uwa su miƙa hannu, domin malamai sun halatta shi, ceton rai ne. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, da kansa ya wallafa littattafai kan magani.

Na uku, azumi. A mazhabar Maliki, mai cikin da ta ji wa kanta ko abin da ke cikinta tsoro ta sha, ta rama daga baya. Mai shayarwa kuwa ta rama, ta kuma ciyar. Kada kunya ko gorin kishiya ya sa ta ƙi sauƙin da Allah Ya yi mata.

Ya kai mai gida, yau in ka koma, dubi tafin hannun matarka da na 'ya'yanka. Za a tambaye ka game da su ranar Lahira. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya dawo da zaman lafiya ƙasar Gobir, amin.