Ɗiyata Mai Jego, Kada Ki Yi Wa Jikinki Gaggawa

 Na san an yi suna an watse, 'yan barka sun ɗauke ƙafa, an bar ki da jariri da tulin wanki da yayyensa masu jan zani. Na kuma san abin da kike yi idan kin shiga ɗaki ke kaɗai: ki ɗauko rigar da kika ɗinka kafin ciki, ki gwada, ta tsaya a ƙirji ta ƙi sauka, ki ninke ta ki mayar cikin akwati ba ki faɗa wa kowa ba. Ban ga laifinki ba, don babu aibi mace ta so jikinta ya koma yadda ta san shi. Sai dai ki ba ni aron kunnenki kaɗan, domin na ga mata da yawa a gidanmu da maƙwabta sun bi ta wannan hanya, na ga waɗanda suka bi a hankali, na kuma ga waɗanda gaggawa ta kai su gadon asibiti.

Ki fara da lissafi, tunda ke 'yar kasuwa ce. Mace mai matsakaicin jiki takan ƙara kilo 11 zuwa 16 a tsawon ciki, kuma ranar haihuwa abin da ke sauka, wato jariri da mabiyiya da ruwa, bai cika wuce kilo biyar ko shida ba. Ruwan da ya taru a jiki yakan bi fitsari da zufa a makonnin farko, mahaifa kuma sai ta yi wajen mako shida kafin ta koma girmanta, kin ga ke nan tsofaffin da suka yanka wa jego kwana arba'in ba su yi kuskuren ƙidaya ba. Abin da ya rage bayan wannan kitse ne da jiki ya tara da gangan, rumbu ne da aka cika don nonon yaro, kuma rumbun da aka yi wata tara ana zuba masa ba a kwashe shi a sati uku. Likitoci sun ce idan mai shayarwa tana sauke rabin kilo a mako, bayan ta gama arba'in, to ta yi daidai, nononta ba zai ragu ba. Wata shida zuwa shekara, shi ne lokacin da yawancin mata ke ɗauka, wasu ma fiye, kuma ba su yi wa kowa laifi ba.

Abin da ke ba ni tausayinki shi ne baki biyu ke yi miki magana, kowanne yana jan ki gefensa. Na farko bakin iyaye ne da gwaggwanni. A nan Gaya, inda Dendawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani ke cin kasuwa ɗaya suna auren juna, an daɗe ana auna kulawar miji da dangi da jikin mai jego: idan ta fito arba'in ta yi ɓul-ɓul, wuya ya yi gammo, sai a ce lallai an riƙe ta da kyau, idan kuwa ta fito yadda ta shiga sai a fara ƙus-ƙus. Don haka ake ɗura mata fura da kunu ko ba ta jin yunwa. Na biyu kuma bakin wayar hannunki ne, inda wata 'yar kwalisa da ba ki san gidansu ba ke nuna miki cikinta a shafe wai sati biyu da haihuwa, a ƙarshe ta ce ki turo kuɗin shayin rage tumbi. Abin dariya, abin kuma takaici, sau da yawa a faranti guda na mai tallar magani za ki tarar da ƙwayar sha-ka-fashe da shayin ramewa suna maƙwabtaka.

Duka biyun ki bar su inda kika gan su. Ƙwayoyin ƙibar nan, da yawansu maganin wata cuta ne daban aka karkatar, suna kumbura fuska, su tara ruwa a jiki, su tayar da hawan jini da ciwon suga. Shayin kuwa galibinsa maganin wankin ciki ne irin filasko, ki yi ta zarya bayan gida, ma'auni ya nuna kin ragu alhali ruwan jikinki ne ya tafi, kitse yana nan daram, ke kuma ga jiri ga yaro yana tsotso yana kuka. Abin da babu wanda zai iya faɗa miki me aka haɗa a ciki, kada ki zuba shi a jikin da wani ɗan mutum ke ci daga gare shi.

Yanzu zan taɓo inda kakanninki za su harare ni, wato kunun kanwa da wankan jego. Ban raina al'ada ba, ruwan ɗumi yana warware gajiya, hutun arba'in kuma gata ne da matan wasu ƙasashe ke nema da kuɗi ba su samu ba. Amma kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, tana ƙara wa zuciya kaya a daidai lokacin da ta gaji da aikin ciki da naƙuda. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta yadda suke ganin masu jego da yawa da ciwon gazawar zuciya, suka kuma danganta abin da yawan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. Binciken da aka yi daga baya a Najeriya ƙarƙashin Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya nuna cewa lamarin ya fi haka faɗi, kuma cikin waɗanda ciwon ya fi kamawa har da matan da suka rame ƙwarai da waɗanda suka yi hawan jinin ciki. Kin ga ashe rama ma ba tsira ba ce. Ki sha kununki na gero ko na gyaɗa da tsamiya, ki rage kanwar, ruwan wanka kuma ya zama wanda fata ke iya ɗauka. Idan kuwa kika ga ƙafafu suna kumbura, ko numfashi yana yi miki wuya in kin kwanta, ko tari da dare, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kada ki saurari mai cewa jego ne, ki tafi likita a ranar.

To, ina ƙibar take shigowa, tunda ke da kanki kin ce ba ki samun ko lokacin zama ki ci abinci? Nan ne gizo ke saƙa. Matar da ke tashi tun asuba ta shirya 'yan lakwal, ta goya jariri ta nufi bakin kogi ko hanyar Kamba, balle tun da aka rufe gadar Malanbil bayan juyin mulkin Yulin 2023 fatauci ya koma sai da jirgin ruwa da dogon jira a rana, ba ta cin abinci, tsinta take yi. Fanke biyu a nan, ƙosai uku a can, burodi da shayi mai madarar gwangwani, garin rogo da suga, lemon kwalba mai sanyi don zafi ya yi yawa, ragowar taliyar yara don kada a zubar. Da dare kuma, yunwar yini duka ta taso, ta zauna ta share malmala uku ta kwanta. A ranta ba ta ci komai ba, a jikinta kuwa ta ci fiye da wadda ta zauna ta ci sau uku a natse. Lemon gwangwani ɗaya yana ɗauke da suga wajen giram 35, kusan ƙaramin cokali tara, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 50 a yini, kuma ƙasa da haka ya fi. Sobon da ake ƙullawa a leda ma, ki tambayi mai dafawa gwangwanin suga nawa take zubawa. Da abin sha za ki fara, ɗiyata, ba da tuwo ba. Ki riƙa yawo da gorar ruwanki, ki sha duk lokacin da kika ba da nono.

Abinci kam dole ki ci, don mai shayarwa tana bukatar ƙarin kimanin kalori 500 a yini, wato misalin kwano guda na shinkafa da wake, ba tukunya ba. Kuma Allah ya yi miki gata da ya ajiye ki a Gaya, inda ruwan sama ya fi sauka a duk Nijar, ga kogi ga fadama. Abin da mutanen Yamai ke saye da tsada, ke a ƙofar gida yake wuce ki. Ki sa kifi a gaba, tarwaɗa ko karfasa, a miya ko a gasa, ba kullum a soye ba. Ki yawaita ganye, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli wanda maƙwabtanmu Zabarmawa ke kira kopto, da rama da yakuwa da alayyafo da miyar kuka, har ganye da miya su rinjayi tuwo a kwanonki. Wake da gero da dawa suna riƙe ciki fiye da farar shinkafa da taliya. Idan bakinki na son motsi a kasuwa, ga muruci daga giginyun Dallol Mawri, ga dafaffiyar gyaɗa, ga dafaffen ƙwai, ga gwanda da mangwaro a lokacinsu. Manja da man gyaɗa ki riƙa auna su da cokali, ki daina tuttulawa daga kwalba. Dunƙulen magi kuma rabinsa gishiri ne, kuma gishirin da ya kamata mutum ya ci a yini bai kai cikin ƙaramin cokali guda ba, don haka ki rage shi ki koma wa daddawa.

Akwai abin da ya fi tumbi damuna a kanki, shi ne ƙarancin jini. Kusan rabin matan ƙasar nan da ke shekarun haihuwa suna fama da shi, ke kuma kin zubar da jini wajen haihuwa. Kasalar da kike ɗora wa nauyin jiki, wataƙila jini ne ya yi ƙasa. Ki ci gaba da shan jajayen ƙwayoyin ƙarin jini idan an rubuta miki, ki ci hanta in ta samu, kuma kada ki kora abinci da shayi, don yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe.

Motsa jiki ba sai na ja magana ba. Rabin awa na tafiya da ɗan sauri, kwana biyar a mako, da sanyin safiya ko bayan la'asar, ya wadatar. Inda za ki iya takawa ki bar ɗan kabu-kabu ya wuce. Ɗaure ciki da zani yana tallafa wa baya, amma ba ya narkar da kitse, kuma kada ki matse har numfashi ya gagara. Wadda aka yi wa aiki ta jira izinin likita kafin ta ɗauki abu mai nauyi. Barci ma magani ne, don mai ƙarancin barci ta fi jin kwaɗayin zaƙi, saboda haka idan yaro ya yi barcin rana, wanke-wanke ya jira.

Kai kuma angon ƙarni, na san kana leƙen takardar nan ta bayan kafaɗarta, matso in gaya maka. Wasan nan da kake yi mata a gaban mutane, wai yaushe za a haifi na biyun, kai kana dariya, ita tana dariya, amma da dare shi ne ke hana ta cin abinci, shi ne kuma ke kai ta wurin mai shayin ramewa. Jikin nan da ya canza, ɗanka ya ɗauka. Ragon suna da ƙauri ba su ne ƙarshen hidimarka ba. Ka riƙa biyowa ta bakin kogi ka riƙo kifi maimakon kwalaben lemo, ka karɓi yaron ka zauna da shi rabin awa ta samu ta miƙe ƙafa, kuma ka ci irin abin da take ci, don ba ta da ƙarfin ɗora tukunya biyu. In ka duba gaban rigarka, kai ma ba za ka yi asara ba. Ku kuma zauna ku yi shawarar hutu tsakanin haihuwa. Masana lafiya sun ce a bar shekara biyu kafin wani cikin, daidai da tsawon shayarwar da addini ya kwaɗaitar, kuma sau da yawa ƙibar da ke zaune wa mata daram takan samo asali ne daga ciki kan ciki, kilo uku na wannan su haɗu da huɗu na wancan, jiki bai taɓa samun sararin saukewa ba.

Ɗiyata, nono zalla za ki ba yaron har wata shida, ba ruwa ba jiƙo, wannan kansa yana cin kitsen da kika tara. Ranar da za ki kai shi awo da rigakafi, bayan an sauke shi daga ma'auni, ke ma ki roƙi ungozoma ta auna ki, ta duba hawan jininki da ƙwayar idonki, ki rubuta kilon a bayan katinsa. Sau ɗaya a wata ya isa, kada ki riƙa hawa ma'auni kullum. Rigar nan kuma ki bar ta a akwati tukuna, ki ba tela wani yadin ya ɗinka miki daidai jikinki na yau, ki sa ki fita sunan maƙwabta.